Safiyar da na tafi ɗauko kanwa

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, saboda haka Inna ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In tana son wani abu, sai ta juya wajen ƙanwata ta ce, "Ki gaya wa wancan tuwonsa na hucewa," ni kuwa ina tsugune taku biyu daga gare ta. Haka duk uwa mai kunya take yi a Ɗanzomo, kuma ina jin zancenta sarai. Na faɗi wannan ne don kada wani ya yi mini uzurin da ban cancanta ba.

Ba a daɗe da Nasara suka ja iyaka a Maigatari ba, na shiga ayarin fatake masu zuwa Damagaram ɗauko kanwa. Jakuna biyu gare ni, amma yadda nake taku sai ka ce ni ne madugu. Lokacin Inna ta jima tana tari, ta rame har awarwaro na zame mata.

Da safen da za mu tashi na shiga sallama. Tana bakin ƙofa tana kaɗi, ƙanwata na tankaɗe. Ba ta dube ni ba. Ta ce da ƙanwata, "An ce bana rijiyoyin hanyar arewa sun janye." Ta yi tari, ta huta. "Kanwa kuma ai ba ta ƙarewa. Ko baɗi tana nan."

Wallahi na gane. Macen da ba ta iya haɗa ido da ni, ina za ta iya cewa in zauna? Iyakar roƙon da kunya ta bar mata ke nan, ta kuwa yi shi.

Sai na mai da kaina wawa. Na ce, "Ki gaya wa Inna madugu ya ce akwai ruwa, mun kuma cika salkuna."

Inna ta ci gaba da murza mazari. "To, ki ce masa Allah ya kiyaye hanya."

Wata biyu muka yi. Na dawo na tarar har an yi sadakar bakwai. Da masu gaisuwa suka ragu, ƙanwata ta zauna kusa da ni ta ce, "Yaya, ranar nan fa so take ka zauna."

Na ce mata a ranar ban gane nufin Inna ba. Ta yarda, har ita ce ta koma tana rarrashina. Mun tsufa tare a gida ɗaya, ta rasu ban gaya mata gaskiya ba.