Matuƙiya Ta Zaɓi Iyayen Gida

A layinsu kowa Matuƙiya yake ce mata, alhali ko keke ba ta iya tuƙawa ba. Abin sauraren nan mai makirufo da take maƙalawa a kai tun safe shi ya ja mata sunan, don maƙwabta sun ce sak direban jirgin sama. Aikinta amsa koke-koken masu sayayya ta intanet. Ofishinta kuwa tsohon teburin keken ɗinkin mahaifinta ne, an cire kan keken an ɗora kwamfuta, an jingina shi da bangon da ya raba ɗakinta da na Baba.

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba magana ta yi masa nauyi. In yana son ruwa ko a juya shi, sai ya buga cokali a jikin kofin ƙarfe, kuma dole wani ya kasance inda zai ji. In ba ta sami aikin da za ta yi daga gida ba, sai dai ta koma ofis a bar tsoho a hannun bare, abin da ta rantse ba za a yi ba tana raye.

Kamfanin farko da ya ɗauke ta, sunan aikin gida kawai ya ara. Sun sa mata wata manhaja mai gadin linzamin kwamfuta, da hannunta ya ɗan tsaya sai saƙo ya shigo. Ranar da Baba ya zamo daga kan gado, ta je ta ɗaga shi, ta dawo ta tarar da gargaɗi, har da hoton kujerarta ba kowa a kai. Ba ta ja da kowa ba, a ranar ta ajiye musu aikinsu.

Daga nan ta fito da dabarar da ta sa ake sara mata. Duk kamfanin da ya kira ta ganawa ta bidiyo, sai ta zaɓi hantsi, lokacin da Baba ya fi buga cokali, ta bar ƙofa a buɗe. Da ƙarar ta tashi za ta ce, “Ku yi haƙuri, mahaifina ne,” ta miƙe. A bakin ƙofa takan waiwayo ta dubi fuskokin da ke kan allo. Wani ya duba agogo, wata ta taɓe baki, wani ya yi murmushin da bai wuce haƙora ba. Kowanne takan dawo ta ƙarasa ganawar cikin ladabi, ta yi godiya, ta janye.

Ƙaninta, ma'aikacin banki, ya rasa inda zai sa kansa.

“Yaya, ke ake wa jarrabawa ko ke kike yi musu? Rufe ƙofar mana, in kin samu shiga sai ki gaya musu!”

“Auta ke nan,” ta ce tana wanke kofin Baba. “Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wanda ya ɓata rai ranar da yake zawarcina, me kake zato in na tare?”

Watanni suka ja, gida ya fara jin jiki. Ita ma tsoro ya kama ta, har wata rana ta kai hannu za ta tura ƙofar, sai ta fasa.

A ranar wani ƙaramin kamfani mai sayar da kayan makaranta ne ya kira. Shugabar wata dattijuwa ce mai tabarau. Cokali na bugawa, tun Matuƙiya ba ta buɗe baki ba matar ta ce, “Kamar ana kiranki. Je ki, ina nan.” Baba ya jiƙa shimfiɗa, sai da aka canza komai. Ta dawo da zaton an kashe kiran, sai ga dattijuwa tana nan zaune tana shan shayi.

“Ya jikin nasa? Mu nan aiki muke dubawa, ba kujera ba. Faɗa mini lokutan da ya fi buƙatarki mu tsara.”

Ta yi musu aiki kamar na gidan ubanta. Masu sayayya da suka kira da faɗa sukan ajiye waya suna godiya.

Wata safiyar Talata, tana tsakiyar aiki, numfashin Baba ya canza. Ta rubuta wa abokan aikinta kalma biyu, “Na tashi,” ba wanda ya tambaye ta dalili. Ta kira Auta, ya ce yana jiran manaja ya sa hannu a ba shi izinin fita. Ta zauna a bakin gadon, ta riƙe hannun Baba mai lafiyar tana laƙƙana masa kalmar shahada. Auta na kan hanya lokacin da ta shafe wa mahaifinsu ido.