Kawu Sallau, Ɗalibin Bencin Gaba

Duk wanda ya san Kawu Sallau a Dakoro ya san shi da bik, wato biro, a bayan kunne da kaye a aljihu, ɗan littafin rubutun nan na 'yan lakwal, 'yan makarantar boko. Ko sallar idi da su yake zuwa. A aji shida ya faɗi jarrabawa aka sallame shi, amma har ya yi furfura, in an tambaye shi inda ya tsaya a karatu sai ya ce, "Su suka sallame ni, ni ban sallame su ba."

Shi ya sa babu horon sana'ar da za a buɗe a garin nan bai je ba, an gayyace shi ko ba a gayyace shi ba, kuma bencin gaba yake zama. An taɓa tara matan unguwarmu koyon haɗa sabulu, madam mai koyarwa ta shigo ta tarar da dattijo da rawani a tsakiyarsu.

"Baba, wannan ta mata ce."

"To ɗiyata, sabulun in an gama, mata kaɗai yake wankewa?"

Ta ƙyale shi ya zauna. Sabulun nasa kuwa soda ta yi masa yawa, matarsa Inna Rabi ta wanke masa babbar riga da shi, riga ta fito duk huji. Ya ɗaga ta ya leƙo mu ta ciki, ya zaro bik ya rubuta: "A rage soda."

Da ya dawo daga horon kula da dabbobi, sai ya ce lallai ya auna zafin jikin jakinsa, jakin da lafiyarsa ƙalau. Ya nufi ƙarƙashin wutsiya kamar yadda aka nuna musu, jaki ya yi harbi ɗaya. Muka rugo muka same shi kwance.

"Ku miƙo mini kayena," in ji shi. "Mushe, malamin namu, ya manta bai ce a ɗaure ƙahwa ba, ga jaki ya cike darasin."

Ni ma da ni ake dariyar, sai da abin ya zo kaina. Ni ce Hadiza, 'yar ƙanwarsa. Sau biyu ina faɗuwa jarrabawar birebe ta sakandare, na tattara littattafaina na cusa a buhu, na rantse ni da karatu har abada. Ko ƙofar gida kunyar fita nake ji. Rannan ya shigo ko zama bai yi ba.

"Hadiza, mi kike yi da ranki?"

"Na gama, Kawu."

"Kin gama? Ni da hurhura ban gama ba, ke wa ya ba ki izini?"

Ashe ya riga ya rubuta sunana a santar koyon sana'a, sashen gyaran famfo mai aiki da hasken rana. Ya rubuta nasa ma, wai kar in gudu. Wata tara muna benci ɗaya, yana ɗaga hannu yana "Mushe, a maimaita," ni kuwa kamar in nutse. Da aka yi jarrabawa na ci, shi ya faɗi, don idonsa ba ya raba jar waya da baƙa. Bai hana shi bin rumfunan kasuwa yana shelar "Mun ci" ba.

"Kawu, kai fa ka faɗi."

"Gida ɗaya ne."

Bazarar da ta biyo baya, foraj ɗin wani ƙauye wajen Azagor, wato rijiyar burtsatsensu, ya tsaya. Kwana uku babu ruwa, mai gyara daga Maradi bai iso ba, shanu sun kewaye wurin shan ruwa suna kuka. Kawu ya samo mai moto, babur ɗin haya, ya ɗora ni, ya hau baya. Makiyaya suka dube ni sama da ƙasa, wani ya ce, "Yarinyar ga ce za ta gyara?" Na san in na kasa, buhun nan zan koma wa, ba kuma mai sake fito da ni.

"Ku ja da baya ku ba injiniya iska," in ji Kawu. Sannan ya sunkuyo ya raɗa mini, "In kin manta, kayena na nan."

Ban manta ba. Ɓera ne ya ci waya cikin akwatin wuta. Na yanke, na haɗa, na kunna. Bututu ya yi tari sau biyu, sai ga ruwa. Kawu ya warware rawani yana taka rawa cikin taɓo, hawaye na zuba, yana rantsuwa wai zufa ce.

Yau ni ke koyarwa a wannan sashen. Bayan rasuwarsa Inna Rabi ta miƙo mini kayensa na ƙarshe. A shafin baya, da rubutun hannu mai rawa, ya sa: "Saura ordinatar." Satin da ya wuce na rubuta sunana a ajin koyon ordinatar ɗin, wato kwamfuta, bencin gaba, da bik ɗinsa a bayan kunnena.

Allah ya jiƙan Kawu Sallau, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi sahun gaba a Aljanna.