Jimlar da Aka Bari a Allo

Ban taɓa mantawa da ranar da darasin Turanci ya kusa raba ni da aikina ba. Ku da kuka fara koyarwa bana, ku saurara.

A shekarun farko na shari'a ne, ina koyar da aji biyar a wata sakandaren 'yammata ta jeka-ka-dawo a hanyar Sandamu. Mu malamai maza ido a kanmu yake. Ko gaisuwa ka tsawaita da ɗaliba, sai ka ji maganar a ɗakin malamai.

Darasin ranar a kan kalmar only ne, wato kaɗai ko kawai. Mu muna ajiye ta bayan abin da muke nufi, Bature kuwa a gabansa, kuma in ta gusa ma'ana ta gusa. Don yara su gane, na miƙa birona ga Hauwa, yarinyar da ke zama a gaba, wadda ta fi kowa ɗaga hannu. Na rubuta jimla uku a allo. "Only Malam gave Hauwa a pen," Malam ne kaɗai ya ba ta. "Malam gave only Hauwa a pen," ita kaɗai ya ba. "Malam gave Hauwa only a pen," biro kawai ya ba ta. Aka buga ƙararrawa, na karɓi birona na fita ban goge allon ba.

Wanda ya shiga bayana Malam Sada ne, malamin lissafi, wanda muke neman muƙamin jami'in jarrabawa tare. Ya goge ta sama, ya goge ta ƙasa, ya bar ta tsakiya. Wai wurin rubutu yake nema.

Bayan 'yan kwanaki shugabar makaranta ta aiko kirana. Na tarar da mahaifin Hauwa zaune, wani dattijo mai fataucin shanu wanda ko harafin boko bai sani ba. Amma an fassara masa jimlar tsaf: wai na rubuta da hannuna cewa 'yarsa kaɗai nake yi wa kyauta.

Ƙa'ida a irin wannan ƙara ita ce shugaba ta rubuta wa ofishin ilimi na shiyya, a dakatar da malami har kwamiti ya zauna. Wanda aka dakatar a kan ɗaliba kuwa, ko an wanke shi sunansa ya tafi. Gaskiya na ji tsoro.

Na ce, "Ranki ya daɗe, kafin ki rubuta, mu je ajin."

Muka je har da dattijon. Shugaba ta ce 'yan ajin su maimaita darasin only. Yara suka rero jimlolin nan uku da fassararsu kamar karatun allo. Hauwa ce kawai ta sunkuyar da kai.

Da muka fito dattijon ya ce, "Malam, ni na ji. Amma mutanen gari jimla ɗaya suka ji, ba uku ba."

Ba a rubuta takardar ba. Da aka tashi Malam Sada ya same ni wajen babura yana murmushi, ya dafa kafaɗata ya ce, "I only told the principal."

Na ce, "Malam Sada, only ɗin nan ina kake so ta zauna? Shugaba kaɗai ka gaya wa, ko kuwa gaya mata kawai ka yi?"

Ya ce, "Kai dai da Turancinka," ya tada babur.

Har yau bai amsa ba. Masallacinsu ɗaya da mahaifin Hauwa a cikin Daura. Ban ce shi ya kai maganar ba, zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Amma har na bar makarantar ban ƙara fita aji ban goge allo ba.

Ni na tsira da aikina. Hauwa kuwa ta koma bencin baya, kuma har ta gama ba ta sake ɗaga hannu ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Abin da na koya shi ne, in an raba magana da 'yan'uwanta, sai ta zama makami a hannun mai nema. Shi ya sa in kun shiga ajina za ku ga duk misalina da akuya nake yi. Akuya ba ta da sunan da za a ɓata.