Sunan Inna a Jerin Madogara

Jikata tana karatun kimiyyar abinci a jami'ar nan ta Wudil, kuma a kan daddawa ta yi aikinta na ƙarshe. Rabin abin da ta rubuta daga bakin kakarta ta ji shi, matata, 'yar Kausani, kafin Allah ya karɓi abarsa bara.

Wata ranar Asabar da hantsi ta zo gidana a Sabon Gari da kwamfutarta, ranta a ɓace. Akwai wata manhaja da ɗalibai ke zuba wa sunayen littattafan da suka dogara da su, ita kuma ta jera musu a ƙarshen aiki. A gurbin marubuci yarinyar ta sa "Inna". Malaminta ya ja layi da jan biro, ya ce ko ta kawo cikakken suna ko ta cire.

"Tsoho, wai mene ne sunan Inna na gaskiya?"

"Ke da kika ƙwace mata miji ba ki san sunanta ba?"

"Wane mijin? Wannan da ba haƙori?" Ta yi 'yar dariya, amma idonta ya kawo ruwa.

Na zauna a Khartum, inda malamanmu ba sa karanta magana sai sun faɗi wanda suka ji daga bakinsa. Na zauna a Faransa, inda ake sa sunan dangi a gaba. Ban taɓa zaton abin zai biyo ni har tsakar gidana ba. Sunan matata ɗaya da na mahaifiyata, shi ya sa ban taɓa kiranta da shi ba, 'ya'yanmu ma a Inna suka tashi suka san ta.

Na karɓi biro na rubuta mata a tafin hannu. Ta shigar, sai manhajar ta sa sunan surukina Malam, mahaifin Inna, a gaba, ta mayar da na Inna harafi ɗaya da ɗigo.

"A'a," na ce. "Malam bai taɓa wanke kalwa ba. Gyara."

Ta yi ta dube-dube har ta gano yadda ake haɗe sunan a gurbi guda. Ya fito cikakke, tsakanin wani Bature da wani Ba'indiye.

"Karanta min in ji ko daidai ne," in ji ta.

Na gyara tabarau, na daɗe ina kallon layin. Sannan na karanta shi a hankali, da murya.