Takardu Biyu Daga Gusau

Ranar Talata ce, farkon kaka. Na dama kunu da sassafe. Mijina, Malam Lawali, malamin firamare ne a ƙauyenmu da ke kusa da Kucheri. Ya sha kunun a tsaye, ya fita ƙarfe bakwai da rabi. Babban ɗanmu Murtala ya tafi yankan gero. Ƙanwarsa Zainabu, 'yar shekara goma sha huɗu, ta tafi rijiya. Ni na tsaya da goyo ina shanyar barkono.

Wajen ƙarfe tara na ji ƙugin babura daga gabas. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Kaji suka watse. Sai harbi, ɗai-ɗai da farko, daga baya ya haɗe babu tsayawa. Wani ya ƙwala ihu daga bakin masallaci: "Ku fita! Ku shiga gona!"

Na suri jaririyata, ko takalmi ban sa ba. Na keta dangar baya, na faɗa cikin dawa, na kwanta a kwarin kunya. Na cusa mata nono don kada ta yi kuka. Wani babur ya wuce kusa da mu har na shaƙi hayaƙinsa. "Tsaya nan!" aka daka tsawa. Ba da ni ake ba. Na ji harbi sau biyu.

Sai da azahar aka yi shiru. Mu mata bakwai muka bi rafi a ƙafa. Ana kiran magariba muka shiga Tsafe, tafin ƙafata duk ƙaya. Bayan kwana biyu wan mijina, Alhaji Bala, ya same ni. Ya ce an binne Malam da Murtala. Ban ga gawarsu ba. Zainabu kuwa, bokitinta kawai aka tsinta.

Da na fita takaba, wurin aikin Malam suka nemi kwafin takardar shaidar rasuwa, kotun rabon gado ma haka. Alhaji ya riga ya yi rajistar rasuwar su biyun da wasiƙar mai gari, amma kwafin sai an je ofishin rajista a Gusau, shi kuma ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Dole ni na kama hanya.

Ƙarfe goma motar hayar da na shiga ta tashi daga Tsafe. Duk babur ɗin da ya ɓullo daga daji sai na bi shi da ido har ya wuce. Daidai duwatsun Kwatarkwashi direba ya taka birki da ƙarfi. "Ku sunkuya!" Na kifa kan jaririyar ina salati. Minti ɗaya, biyu. Ashe shanu ne ke tsallaka titi.

A ofishin na bi layi har ƙarfe ɗaya. Wani dattijon ma'aikaci ya karɓi wasiƙar mai garin da Alhaji ya ba ni, ya buɗe babban littafi, ya bi da yatsa. Ga sunan Malam. Ga na Murtala a ƙarƙashinsa. Sai a nan na gan su da idona a cikin matattu. Da ya buga hatimi a takardar Malam, ƙarar ta sa na zabura na dafe bango. Ya dube ni, ya buga na biyun a hankali.

"Malama, akwai wani?"

Na faɗa masa sunan Zainabu.

"An ga gawa?"

"A'a, Baba."

Ya ajiye biro. "To, ba zan rubuta ta a nan ba. Allah Ya bayyana ta."

Na naɗe takardun a leda, na ɗaure a bakin zane. Mutum uku na rasa. Biyu suna da takarda. Ta ukun, har yau idan na idar da sallah ban san wace addu'a zan yi mata ba, ta masu rai ko ta mamata.