Ruwan Duwala Ba Na Shuka Ba Ne

Babana ɗan ƙodago ne, amma mai doki. Can arewa, da zarar ruwan farko ya sauka, sai ya ɗaure fartanya a jikin sirdi, ya bi ƙauyuka yana nome gonakin mutane, ba ma ganinsa sai kaka.

Da tsufa ya fara taɓa masa hankali, mijina ya ɗauko shi zuwa wurinmu a unguwar New Bell, cikin birnin Duwala. Dokin ya daɗe da mutuwa. Abin da ba mu lissafa ba shi ne ruwan garin nan, wanda ba ya jin lokaci. Duk sanda ya fara dukan kwano, Baba sai ya miƙe yana laluben linzami, wai an yi ruwan shuka, za a riga shi gonaki. Ni kuwa ga goyo a baya, ga 'yan babur na ta sheƙa gudu a ƙofar gida. Tsorona kada ya fita su kaɗe shi. Na koma kulle ƙofa.

Wata safiya na same shi yana jijjiga ta, ya naɗe ƙafar wando har gwiwa.

Na ce, "Baba, zauna mana. Nan Duwala ne, ba gona."

Ya daɗe yana sauraron ruwan. Sannan ya ce, "Uwata, duk wannan ruwa, ba wanda ya aiko nemana?"

Na ce ba kowa. Ya warware wandonsa ya zauna, bai ƙara tashi don ruwa ba.