Dabinon Birai

Ɗakin da muka kama haya a Koki a bayan gidan wani tsohon attajiri yake, irin gidajen ƙasar nan masu kaurin katanga, waɗanda ko rana ta take sai ka ji sanyi a zaurensu. Mai gidan ya yi fatauci da ƙuruciyarsa, daga can ya ɗauko son dabbobin dawa. Lokacin da muka tare barewarsa ta mutu, ɗawisu saura ɗaya, amma birai suna nan, jajaye masu dogayen ƙafafu, namiji ɗaya da mata uku. Kejinsu na waya ne, an jingina shi da tsohuwar katanga a gindin durumi. Tagar ɗakina tana kallonsu, su ma suna kallonta.

Maigidana baduku ne, da safe yake tafiya kasuwar Kurmi sai yamma. Ni da 'yata kaɗai muke wuni, lokacin ba ta cika shekara biyu ba. Ni mace ce mai tsoro, ban ɓoye ba. Ko tari ta yi sai na kasa cin abinci.

Biran nan sun yi ta haihuwa, ana kyautar da 'ya'yan har aka rasa mai karɓa. Sai Alhaji mai gidan ya kira likitan dabbobi, ya zo da wasu ƙananan ƙwayoyi a jere cikin kati. Ya ce kowace mace ɗaya kullum, kada a tsallake ko rana guda, kuma a ɓoye a cikin dabino, don in sun gani ba za su sha ba. Hajiyar gidan ta aika aka kira ni.

"'Yar nan, na ga hannunki da tsafta, kuma ba kya mantuwa. Idona ya yi rauni. Ki riƙa cusa musu, Baba ya miƙa."

Baba shi ne dattijon da ke share kejin tun kafin a haife ni. Na karɓi katin na juya shi. Na san irinsa, na gan shi a hannun mata a wajen awo.

Na ce, "Likita, wannan ba irin na tazarar haihuwa ba ne?"

Ya ce, "Kusan duk ɗaya ne. Ki dai ajiye inda yarinya ba za ta kai ba."

A saman azara nake soke katin. Kullum da hantsi in tsaga dabino uku da farce, in cire ƙwallon, in tura ƙwayar a gurbinsa, in matse bakin. Sai in ƙara na huɗu marar komai na namijin, don kada ya ƙwace na matan. Karatuna bai yi nisa ba, lissafin kwanaki yana rikice mini, saboda haka duk ranar da aka ba su sai in ja layi ɗaya da gawayi a bayan ƙofa.

Cikin matan akwai wata mai guntun kunne, ita ce babbarsu. Sauran da an miƙa sai su wawure su haye sama. Ita kuwa da hannu biyu take karɓa, a hankali, ta je kusurwa ta juya mana baya, fuskarta a jikin katanga.

Baba ya kan ce, "Kin ga amarya. Ba ta ci a gaban surukai."

Ina dariya, amma ba har ciki ba. Don na lura duk lokacin da na zauna tsaga dabinon, in na ɗaga kai sai in gan ta ta matso jikin waya, ba ta motsi, idonta a kan yatsuna. Na koma yi a bayan gado inda taga ba ta kaiwa. Duk da haka in na fito da faranti, hannuna take fara kallo kafin dabinon.

Sai kuma 'yata. In na goya ta na zo shanya, mai guntun kunne ta riƙa bin mu ta cikin keji, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, tana wani ƙaramin sauti a maƙogwaro, kamar mai lallashi. Wata rana hular yarinyar ta faɗi kusa da waya. Kafin in sunkuya ta janye ta ciki. Kwana uku tana rungume da hular nan a ƙirji, tana bin zaren da farce kamar mai neman ƙwarƙwata. Baba ya ce an raba ta da ɗanta ne yana ƙarami, kafin mu zo. Ban nemi hular ba.

Wajen wata huɗu muna haka, bayan ƙofa ya cika da layuka.

Ranar da abin ya faru bazara ce, rana tsaka, irin lokacin da unguwa ke yin tsit har ka ji ƙarar faɗuwar 'ya'yan durumi. An ba su dabino tun da hantsi, na ja layina. Na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, na kwantar da yarinya, barci ya ɗauke ni ban sani ba. Shirun ne ya tashe ni. Birai ba sa shiru gaba ɗaya, ko yaushe akwai mai karkaɗa waya. Na shafa gefena, babu kowa.

Yarinyar tana tsaye a jikin keji, ta riƙe waya da hannu ɗaya. Mai guntun kunne tana tsugune a gabanta, hannunta a waje ta cikin ramin wayar, tafin a buɗe, babu komai a ciki. Sauran ukun suna sama a jere suna kallo. Bakin 'yata yana motsi.

Ban san yadda na isa ba. Na tura yatsa a bakinta, na fito da ɓawon dabino, sauran ya wuce. Na duba ɓawon, ga tsagar farcena a jiki.

Na ɗura mata manja, ta yi ta kuka, ba ta yi amai ba. Na saɓe ta ko mayafi ban gyara ba, na tari adaidaita sahu zuwa wani ƙaramin asibiti wajen Ƙofar Mazugal, da katin a hannuna. Nas ɗin ta duba katin, ta duba idon yarinyar, ta tambaye ni guda nawa. Na ce ɗaya.

"Ɗaya ba ta komai, maman yarinya. Iyaka ta ji tashin zuciya. Ki kai ta gida ki ba ta ruwa."

Na ji abin da ta ce, amma bai zauna ba. Da na dawo, wata maƙwabciya da ta zo jaje ta ce, tana tafa hannu, "Allah Ya sa dai bai taɓa mata mahaifa ba, abu tun tana 'yar mitsitsiya." Ba da mugunta ta faɗa ba. Amma tun daga ranar in ina yi wa 'yata wanka sai in tsaya ina kallon cikinta, ina tunanin ranar da za ta girma a yi ta jira shiru, kuma ni ce na tsaga dabinon da hannuna. Maigidana ya ce, "Ke dai ba kya rabo da saƙe-saƙe. Masu ilimin abin sun ce ba komai." Na ce to.

Na mayar wa Hajiya katin. Ta ce a dakata da maganin gaba ɗaya sai likita ya zo, shi kuma ya yi tafiya. Sai bayan kwana tara ya dawo. Ya tsaya jikin keji ya daɗe yana kallon mai guntun kunne, sannan ya ce, "Wannan ai ciki gare ta. Ba ta shan maganin."

Baba ya ce, "Wallahi a hannuna take karɓa kullum."

Ni kuwa kusurwar nan ce ta faɗo mini a rai.

Da Baba ya kora su cikin ɗan ɗakinsu na ciki ya rufe don likita ya duba su, na ce ya bar ni in shiga kejin. Ya dube ni, ya buɗe mini. Wurin yana warin fitsari da ruɓaɓɓen ganye. Na durƙusa a inda mai guntun kunne take zama. A jikin katanga, daidai fuskarta, akwai wata tsaga da ba ta fi shigar yatsu biyu ba. Na sa tsinken tsintsiya na tono. Suka fara zubowa a tafina, ƙanana, wasu tururuwa sun lashe bayansu sun yi fari fat. Ina tonowa ina jin ido a ƙeyata. Ta ƙarƙashin ƙofar ɗan ɗakin akwai rata, yatsu huɗu baƙaƙe sun leƙo ta nan sun kwanta a ƙasa, ba sa motsi.

Na tattara su a murfin gwangwani na kai ɗaki, na tura ƙofa. Ba zan iya ƙirga su da ka ba. Sai na jiƙa babban yatsa, in ɗauki ƙwaya ɗaya in ajiye gefe, in goge layi ɗaya. Ɗaya, in goge. Ɗaya, in goge. 'Yata tana zaune tana wasa da ludayi. Da layukan suka rage saura jere ɗaya sai na daina kallon murfin don kada in ga ya ƙare kafin su.

Layi na ƙarshe shi ne na ranar da 'yata ta ci dabinon. Na duba murfin. Saura ƙwaya ɗaya.

Na daɗe zaune a ƙasa da ita a tafina. Ashe mai guntun kunne ta cire ƙwayar kafin ta ba 'yata, kamar yadda take cire wa kanta. Tun hantsi ta hana kanta dabinon, ta riƙe shi har rana tsaka, har sai da na yi barci.

Na yi hamdala, na yi kuka kaɗan. Amma abin da ya kwantar mini da hankali shi ne kuma ya hana ni sakewa a gidan. Wata huɗu tana kallon yatsuna, ta san abin da nake yi mata.

Ta haihu da damina. Likita ya koma yi wa sauran allura. Mu kuma muka tashi kafin kaka, na ce wa maigidana ɗakin yana yoyo, kuma da gaske yana yi. Ranar da muke fitar da kaya na bi ta gaban keji da 'yata a goye. Tana zaune da jaririnta manne a ciki, tsohuwar hular nan a ƙarƙashin ƙafarta. Ba ta dubi yarinyar ba ko sau ɗaya. Hannuna ta bi da kallo har na shige zaure.